Dabinon Inna a Tsibirin Yashi

Tun da na dawo daga bakin teku ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya tsaya a teburin dabinona a kasuwar Dutse, kafin ya taya sai ya ce, "Malam Haruna, wai da gaske ruwan ba shi da ƙarshe?" Wani ya tambaya ko na ga 'yan ruwa, wani ko na ci ƙaguwa. Na ba da amsa har bakina ya gaji, kuma kowa ɓangaren da ya yi masa daɗi yake ɗauka ya yi gaba. To ga shi na rubuta gaba ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a ƙyale ni in auna dabinona. Sai dai ku sani ba yawon buɗe ido na je ba. Inna ce ta aike ni.

Yaya Idi shi ne ɗan farin Inna. Ina ƙarami ya fara kai dabino Legas, daga nan ya zarce Kwatano, ƙarshe ya zauna a wani tsibiri da ke yamma da Kwatano yana sayen bandar kifi yana aikowa Arewa. A can zazzaɓi ya kama shi, sai labarin rasuwarsa muka ji, aka ce Hausawan zango sun yi masa sutura, an binne shi gabas da wata rijiya a tsibirin. Inna, kun dai san kunyar ɗan fari. Tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce "yayanka". Ranar da labarin ya zo ta ce Allah ya jiƙansa, ta ci gaba da tankaɗenta.

Bayan 'yan shekaru, lokacin Dutse ta zama hedikwatar jiha ana ta gine-gine, sai ga wani ɗan kasuwar goro da saƙo. Wai mutanen tsibirin suna neman izini su tone kabarin Yaya Idi su mayar da shi wani wuri, domin ruwa yana matsowa. Kawunnanmu suka taru a zaure rai a ɓace. Ɗaya ya ce ai tsafi za su yi da ƙashin Musulmi, har ya zagi ɗan aiken. Aka shiga aka gaya wa Inna, ta ce, "A bar shi inda Allah ya kwantar da shi. Ƙasa ba ta tashi ta bar wurinta." Babu wanda ya ga aibin maganar. Mu da muka tashi a gindin duwatsun nan, iyakar gonarmu ma dutsen da kakana ya nuna wa mahaifina ne, yana nan inda yake har gobe.

Shekarar da ake ta zancen shari'a idanun Inna suka fara dushewa. Wata rana bayan la'asar ta kira ni bayan ɗaki, wajen dabinon da mahaifinmu ya dasa shekarar da aka haifi Yaya Idi. Ashe ta sa an cire ɗan da ya tsiro a gindinsa, an naɗe saiwar da ƙasarta a cikin jiƙaƙƙen buhu.

"Ka je ka dasa wannan a wajen kan yayanka," in ji ta. "Ka yi masa addu'a, ka dawo ka gaya mini yadda wurin yake."

"Inna, hanyar Kudu ba ta da daɗin bi bana."

"Ban tambaye ka daɗinta ba."

Shi ke nan, magana ta ƙare.

Kafin in tashi na je sallama da maƙwabcina Oga Yohanna, mutumin Filato ne, yana aiki a ofishin safiyo. Da ya ji inda za ni sai ya ajiye kofin shayinsa, ya ɗauki tsinke ya tsuguna yana zane a ƙasa. Ya ce irin wannan tsibirin ba dutse ba ne, dogon tudun yashi ne da ya kwanta tsakanin teku da tafki. Wai a wani zamani mai nisa, tun ba a fara ƙirga shekaru ba, teku yana can ƙasa nesa da inda yake yanzu. Da ƙanƙarar ƙasashen sanyi ta narke ruwa ya ƙaru, ya riƙa hawowa yana turo yashi a gabansa, koguna kuma suna kawo sabon yashi daga tudu, igiyar ruwa tana jan sa gefe-gefe daga yamma zuwa gabas, har ya taru ya zama tsibiri.

"Kuma bai daina tafiya ba, Malam Haruna," in ji shi. "Ruwa na cin gabansa yana zuba yashin a bayansa. Saƙon nan da aka kawo muku shekarun baya, da na ji shi a lokacin da na yi magana da Mama."

"Oga Yohanna, yanzu yashi za ka koya wa mutumin Jigawa? A cikinsa fa aka yanke mini cibiya."

"Jigayin naku ma sun yi tafiya a da, lokacin da babu ruwan sama iska na kora su. Ciyawa ce ta ɗaure su."

Na yi dariya na ce 'yan boko ba sa rasa abin faɗa, na ɗauki dashena na tafi.

Daga Dutse zuwa Kano babu labari. A tashar Sabon Gari aka fara, inda kwandastan babbar motar Legas ya ce sai dai a sa itacen a but tare da buhunan albasa. Na ce ba a isa ba. Muka yi ta ja har direba ya gaji ya ce in riƙe abina a tsakanin ƙafafuna, in ya so ni da shi mu ƙarata. Wanda bai taɓa rungumar dashen dabino a mota ba bai san ƙaya ba. Duk ramin da muka faɗa sai ta soke ni a cinya, in ba ni ba kuma sai wata Inyamura 'yar kasuwar atamfa da ke kusa da ni. Tun daga Zariya take yi mini faɗa da Hausarta ta Sabon Gari, ni kuma ina ba da haƙuri har haƙurin ya ƙare na koma yin shiru.

Da muka ƙetare kogin Kwara na cire hulata na cusa a aljihu, domin a shekarar mai hula ba ya son a cika kallonsa a hanyar nan. Matar ta dube ni ta dubi itacen.

"Malam, ka ɓoye hula. Wannan bishiyar fa, a wane aljihu za ka sa ta?"

Dole na yi dariya. Ta tambayi inda zan kai ta, na gaya mata. Daga nan ba ta sake yi mini faɗa ba, kuma da muka tsaya cin abinci ta sayi ruwa ta zuba wa buhun da hannunta.

Legas ban ga komai ba sai bayan motoci da ruwan sama. Na sauka a masaukin 'yan goro, na kwana a kan buhuna, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Washegari na kama hanyar iyaka.

A Seme kuwa na sha tambaya. Na taho da dabino mai kyau a jaka a matsayin guzuri, da niyyar in kai sauran tsaraba ga waɗanda suka yi wa Yaya sutura. Tebur na farko aka ce mene ne wannan, na ce dashen dabino ne. Aka ce ina 'ya'yan, na buɗe jaka, aka ɗiba. Tebur na biyu ma haka, na uku ma haka. A ɓangaren Faransanci wani jandarma ya ce bai yarda ba sai an kwance buhun, wai ana ɓoye kaya a cikin saiwa. Ya sa sanda ya tona, ƙasar Dutse da Inna ta sa aka naɗe ta zube a kan siminti. Na durƙusa ina tattarawa da tafin hannu, mutane na tsallake ni da kayansu, ni da furfura a gemu. A nan ne na fara jin haushin Yaya Idi, Allah ya yafe mini. Na ce duk faɗin ƙasar Hausa ka rasa inda za ka mutu sai inda sai an wulaƙanta ƙanenka kafin ya iso. Ko da na fita daga iyakar, abin da ya rage a jakar bai fi cikin hannu ba.

Kwatano garin babura ne, har mata na tuƙawa da goyo a baya, babu mai kallonsu. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawon na yanka dasashi. Abinci kuwa agidi ne da kifi da barkono, safe da rana da yamma, komai ya sha manja. Ba zan ce ba daɗi ba, amma kwana biyu na fara mafarkin tuwon dawa da miyar kuka. Daga nan na shiga ƙaramar mota zuwa yamma, har wani gari a bakin tafki inda aka ce in nemi Malam Tanko mai tsire a zango.

Malam Tanko dattijo ne mutumin Damagaram, ya daɗe a can har yana jin yarensu kamar a nan aka haife shi, kuma yana cikin waɗanda suka wanke Yaya Idi. Ya karɓe ni hannu bibbiyu. Amma da na gaya masa abin da ya kawo ni, ya dubi dashen da ke jingine a bango, sai ya koma kan juya namansa.

"Ka ci abinci tukuna, ɗana."

"Baba Tanko, lafiya dai kabarin yake?"

"Abin da zan gaya maka ba za ka yarda ba, tunda ba ku yarda da na farko ba. Gobe in Allah ya kai mu ka gani da idonka."

Muka ci abinci. Aka ba ni ɗaki a bayan masallaci. Sauron garin ba ya jiran magariba, kuma komai a jiƙe yake, rigar da na wanke ta ƙi bushewa, ashana ta ƙi kamawa, tabarma ma sai ka ji kamar an yayyafa mata ruwa. Dashen ne kaɗai ya ji daɗin wurin, ganyensa da ya yi yaushi a hanya ya miƙe.

Da hantsi muka shiga kwalekwale. Ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba, na riƙe gefen jirgin da hannu ɗaya, dashen da ɗaya, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Tafkin a kwance yake, jaja-jaja kamar fadamar Ringim da damina, gefensa cike da wasu itatuwa masu saiwa a waje da ke tsaye cikin taɓo. Tun muna tsakiya nake jin wani ruri daga gaba, na ɗauka injin niƙa ne. Malam Tanko ya ce teku ke nan.

Tsibirin siriri ne, in ka tsaya a tsakiya kana ganin tafki ta nan kana jin teku ta can, amma tsawonsa ido ba ya kaiwa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne babu dutse ko ɗaya. Na duba na sake dubawa, ko tsakuwar da za ka jefi akuya babu. Dutsen niƙan barkono ma daga tudu mata ke sayowa, suna lallaɓa shi kamar kayan ɗaki. Gidajen na ganyen kwakwa ne da sanduna, na ce a raina talauci ne ya hana su gini. Malam Tanko ya ce a'a, an yi su ne yadda za a iya kwancewa a ɗauka. Mun wuce wata 'yar bukka da aka ɗaura wa farin ƙyalle, da kwalabe a bakinta, na kau da kai na yi a'uzu.

Aka kai ni gidan Baba Kwajo, tsohon masunci wanda shi ne mai masaukin Yaya Idi, matarsa ce ke yi masa bandar kifi. Tsoho ne ƙaƙƙarfa, da zane ɗaure a ƙugu, idanunsa sun yi ja saboda gishiri. Da aka gaya masa ko ni wane ne sai ya kama fuskata da hannu biyu yana cewa, "Idirisu, Idirisu." Ya ɗebo ruwa ya zuba kaɗan a ƙasa, haka suke karɓar baƙo, sannan ya sa aka fasa mini kwakwa. Na sha don kada in ɓata masa, na roƙi Malam Tanko ya ce masa a kai ni kabarin.

Tsohon ya ɗaga kai sama. Ya duba rana, ya ce mu jira ruwa ya janye, wai tekun nasu yana cika yana raguwa kullum. Muka zauna jiran da ban taɓa yin mai tsawonsa ba.

Da lokaci ya yi ya shige gaba, muka bi ta cikin kwakwa muka hau ɗan tudu, sai ga teku. Masu tambayata ko yana da ƙarshe, ban gani ba, kuma ban tsaya nema ba. Idona yana kan wani abu da ke tsaye a cikin ruwan, can inda igiya ke fashewa. Zobban siminti ne a ɗore kan juna, sun fi tsayin mutum, sun ɗan karkace.

"Rijiyar ke nan," in ji Malam Tanko. "A nan yayanka ke alwala."

Rijiya ce da aka haƙa a cikin ƙasa, ƙasar ta tafi ta bar ta a tsaye. Na dubi gabas da ita, inda aka ce kabarin yake. Babu komai sai ruwa yana tashi yana faɗuwa.

Na zauna a kan yashi. Baba Kwajo ya tsuguna kusa da ni yana magana a hankali, Malam Tanko na mayarwa da Hausa. Ya ce su a wurinsu wannan ba sabon abu ba ne. Gidan da aka haifi kakansa yana can inda jirage ke jefa taru yanzu. In teku ya matso maƙabarta, sukan tone matattunsu, su naɗe ƙasusuwan a farin ƙyalle, su kai su ɓangaren tafki. An yi a zamanin ubansa, an yi a zamanin kakansa.

"Ya ce su matattunsu tare suke tafiya da su," in ji Malam Tanko. "Da ruwa ya matso suka kwashe nasu, amma a al'adarsu ba a taɓa mamaci sai da izinin masu shi. Shi ya sa ya aika muku."

"Da amsarmu ta zo fa?"

"Samari suka ce a tone shi kawai, wa zai sani. Shi ya hana. Ya ce uwa ta yi magana."

Tsohon ya ci gaba, yana nuna ruwan da hannu. Ya ce ya sare kwakwa ya jera a gaban kabarin, ya cika buhuna da yashi ya tare. Damina ɗaya abin ya riƙe. Ta biyu teku ya yi fushi, ya tsallake tsibirin gaba ɗaya ya zuba yashi a tafki, da gari ya waye babu buhunan babu kabarin. Ya ce yana tsaye a wurin, bai bar shi ya tafi shi kaɗai ba.

Na juya kan Malam Tanko, domin ina neman wanda zan ɗora wa laifi.

"Ku fa, Baba Tanko? Ku Musulmi ne, kuna kallo?"

"Mun tambayi limaminmu, ya ce in ana tsoron ruwa zai ci kabari ya halatta a ɗaga shi. Amma ku ne masu shi, kun ce a'a. Mun nemi ɗan goron ya koma, ya ce ba zai sake taka gidan da aka kira shi ɗan aiken matsafa ba."

Mutanen da muka zarga da neman ƙashinsa, su ne suka tsare maganar Inna fiye da yadda mu za mu tsare ta. Kunya ta kama ni, ga baƙin ciki, ga gajiyar hanya duk ta sauko mini a lokaci ɗaya.

Baba Kwajo ya kama hannuna ya ja ni gaba kaɗan, inda ruwan ya janye. A ƙarƙashin farin yashin akwai baƙin taɓo mai wari, da kututturan itace a tsaye a cikinsa. Ya ɓantaro taɓon ya nuna mini ƙananan ƙumba, wato ɓawon halittun ruwa, a ciki. Ya ce wannan taɓon tafki ne, ƙumbar ma ta tafki ce, kututturan kuma na itatuwan nan ne masu saiwa a waje da muka wuce a kwalekwale, waɗanda ba sa tsirowa a gaban teku. Wato inda muke tsaye, a da nan ne bayan tsibirin. Tsibirin ya bi ta kan tafkinsa ya wuce, ya bar wannan a baya. Zanen Oga Yohanna ke nan a gabana, wanda na yi wa dariya.

Na naɗe wando na shiga ruwan zuwa idon sawu, na fuskanci gabas da rijiyar na ɗaga hannu na yi wa Yaya Idi addu'a, Malam Tanko na amsawa daga baya. Duk igiyar da ta zo ta koma sai in ji yashin yana zamewa daga ƙarƙashin ƙafata, kafin in shafa na nutse har ƙwauri ba tare da na motsa ba.

Saura dashen. Na yi tunanin in jefa shi a ruwan in huta, amma na tuna wahalar da muka sha ni da shi. Baba Kwajo ya kai mu ɓangaren tafki, gefen sabuwar maƙabartarsu, ya nuna wani fili a waje da ita. Ya ce tun wancan lokacin ya ware wa Idirisu nan, bai bari an sa kowa ba. Da hannu muka haƙa, ba a kai tsawon kamu biyu ba sai ga ruwan daɗi yana tsattsafowa. Na zuba 'yar ƙasar Dutsen da na tsira da ita daga hannun jandarma, na sa dashen, muka mayar da yashi. Tsohon ya shafa ganyen, ƙaya ta soke shi, ya yi dariya ya ce itacen Hausawa ma da faɗa yake zuwa. Ya ce zai rayu, amma bai yi alkawarin zai yi 'ya'ya ba, iskar nan ta yi masa laima da yawa.

"Nan dai ruwan ba zai zo ba ko?" na tambaya.

Malam Tanko ya mayar masa, tsohon ya girgiza kai.

"Ya ce zai zo. A da sai mutum ya tsufa bai ga an tashi sau biyu ba. Amma tun da aka datse babban kogin yamma, aka kuma gina katangun tashar jiragen ruwa, yashin da ke zuwa musu ya ragu, tekun ya ƙara sauri."

Na ba tsohon ɗan dabinon da ya rage a jakata, ina jin nauyin ƙanƙantarsa. Ya karɓa da hannu biyu.

Dawowa ba ni da abin ba ku labari. Hanyar ce dai, da teburan, da ramukan, sai dai wannan karon babu ƙaya a cinyata, kuma na yi kewarta. Tun daga Seme har Kano abu ɗaya nake juyawa, abin da zan gaya wa Inna. Na shirya magana mai kyau. Zan ce wuri ne mai inuwa da iska, na dasa, na yi addu'a, kuma duk ba ƙarya ba ne. Tsohuwa ce, ido ya tafi, me zai ƙare ta da shi in ta san sauran? Da na sauka a Dutse na haɗu da Oga Yohanna a bakin layi. Ya dubi fuskata, ya karɓi jakata ya raka ni har ƙofar gida. Wannan shi ne labarin teku, masu tambaya, sauran na cikin gida ne.

Na tarar da Inna bayan azahar a gindin uwar dabinon, tana ɓarar gyaɗa da lalube. Na durƙusa na gaishe ta, ta yi mini sannu da hanya, ta sa aka kawo mini ruwa. Sai da na sha ta ce, "To?"

"Inna, wuri ne mai kyau. Ga itatuwan kwakwa, ga inuwa, iska kuwa ba ta tsayawa. Mutanen kirki ne, sun riƙe shi da mutunci."

"Na aike ka kabari, kana ba ni labarin iska."

Maganar da na shirya tun daga iyaka ta watse. Na gaya mata rijiyar da ke tsaye cikin ruwa, da buhunan yashin Baba Kwajo, da damina ta biyu. Ban rage komai ba. Hannunta bai daina ɓarar gyaɗar ba, sai dai na lura tana jefa ƙwayar cikin ɓawo, ɓawon cikin ƙwarya.

"Saƙon nan da suka aiko," in ji ta, "ashe gaskiya suka faɗa."

"Gaskiya ne, Inna."

"Ni na ce a bar shi."

"Duk mu muka ce, Inna. Har su Kawu."

"Ni aka tambaya."

Na ɗauka ta sallame ni. Na yunƙura zan tashi sai ta ce, "Dashen fa?"

"Na dasa shi a filin da suka ware masa, ta ɓangaren tafki. Ganyensa har ya miƙe."

"Can ɗin ruwan zai kai?"

"Sun ce zai kai, Inna. Ba yanzu ba, amma zai kai."

Ta ajiye ƙwaryar a gefe. Ta miƙa hannu ta lalubo jikin uwar dabinon, ta dafa wurin da aka cire ɗan, inda sara bai gama warkewa ba.

"Ka nemi mai zuwa can ka ba shi saƙo. In ruwan ya matso, kada su jira jin ta bakin kowa, su tone dashen su ɗaga. Duk inda za su, su tafi da shi." Ta juyo gare ni. "Ka ce musu uwar Idi ce ta ce."

Ranar ce kaɗai na taɓa jin sunan a bakinta.